Farashin magani ciniki ne, to waye yake yi wa mara lafiya cinikin?

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah Ya ƙara basira. Don Allah a ɗan ba ni fili, kuma a yi haƙuri da tsawon wasiƙar, maganar ce ta ƙi gajartuwa.

Batun tsadar magani ne ya dame ni. Duk sanda aka yi kukan magani ya fi ƙarfin talaka amsa biyu ake bayarwa, ko a ce ai haka kasuwa take ba yadda za a yi, ko kuma a ce bincike tsada gare shi dole kamfani ya maida kuɗinsa, shikenan sai kowa ya ja bakinsa ya yi shiru kamar dai farashin nan saukar da shi aka yi daga sama. Ni kam ban yarda ba. Farashin magani ciniki ne, zama ake yi a ja a ja a yanke, kuma abinda mutum zai biya ya danganta ne da wanda ya tsaya masa a wajen cinikin, in ma akwai wanda ya tsaya ɗin.

Mu ɗauki maganin cutar ƙanjamau, don shine ya fara tona asirin abin. A shekarar 2000 haɗin magunguna uku da ke riƙe mai cutar yana cin sama da dala 10,000 a shekara, mutum ɗaya fa, a lokacin da mutane ke ta mutuwa a Afirka kullum. A watan Fabrairun 2001 sai wani kamfanin Indiya mai suna Cipla, ƙarƙashin Yusuf Hamied, ya ce shi zai ba ƙungiyar likitoci ta MSF irin wannan haɗin a kan dala 350 a shekara, wato ko dala ɗaya bai kai ba a rana. A daidai lokacin kuma kamfanonin magani 39 suna kotu da gwamnatin Afirka ta Kudu saboda ta yi dokar da za ta ba ta damar samo magani mai sauƙi, da duniya ta taso musu da surutu sai suka janye ƙarar a watan Afrilu na wannan shekarar, a Nuwamba kuma aka yi sanarwar Doha wadda ta ce dokar kasuwanci ta duniya bata hana wata ƙasa kare lafiyar mutanenta ba. Daga nan manyan kamfanonin da ke rantsuwa ba za su iya ragewa ba kowa ya fara ragewa, dama an ce in ka ji ƙi gudu sa gudu ne bai zo ba. A 2023 Global Fund, asusun duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da maleriya, ya sanar da cewa haɗin da ake bayarwa yanzu, wanda ya fi na da ƙarfi da sauƙin sha, ya sauko ƙasa da dala 45 a shekara. Daga 10,000 zuwa 45. Sinadarin ba shi ne ya yi wannan arahar shi kaɗai ba, masu yin maganin ne suka yi yawa, mai saye kuma ya zama babba yana saye wa miliyoyi a lokaci ɗaya.

In wani ya ce wannan tsohon labari ne toh ga na ciwon hanta nau'in C. A ƙarshen 2013 aka amince da sofosbuvir a Amurka, kamfanin Gilead ya sa masa dala 84,000 na sha sati 12, ƙwaya ɗaya dala 1,000. Shi kansa Gilead ɗin ba shi ya fara gano shi ba, sayen kamfanin da ya gano shi ya yi a 2011 a kan kusan dala biliyan 11. Masar da a lokacin take cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya ta zauna da su a 2014 ta samo shi a kan wajen dala 900, kuma bata tsaya nan ba, ofishinta na rajistar ƙirƙira ya ƙi ba Gilead takardar haƙƙin mallaka a kan maganin, kamfanonin cikin gida suka shiga yi, farashi ya ƙara rugujewa, sannan gwamnati ta fita ta gwada sama da mutum miliyan 60 ta yi wa sama da miliyan 4 magani. A Oktoban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaba mata a matsayin ƙasar farko da ta kai matakin zinare a hanyar kawar da cutar. Magani ɗaya ne, mai sha a can da mai sha a nan duk hanta ɗaya gare su.

Ba wai ina cewa bincike kyauta ba ne, a'a, kada a fahimce ni a baibai. Cikin magunguna goma da ake fara gwadawa a jikin mutane kusan tara basa kaiwa kasuwa, kuɗin da aka zuba ya tafi, kuma wanda ya sa dukiyarsa dole ya ga riba in ba haka ba gobe ba wanda zai sa. Shi yasa yarjejeniyar kasuwanci ta duniya da ta fara aiki a 1995 ta ba mai ƙirƙira shekara 20 shi kaɗai yake yin abinsa ba mai kwaikwayo. Wannan na yarda. Inda nake ja shine in shekara 20 ɗin ta kusa cika sai a ɗan taɓa maganin, a canza masa siffa ko yadda ake shan sa ko allurar da ake zuba shi, a sake neman wata takardar, a haka a haka wa'adi ya ƙi ƙarewa. Humira na kamfanin AbbVie, maganin ciwon gaɓoɓi, takardun mallaka sama da 100 aka jibga masa a Amurka, Turai ta samu kishiyoyinsa tun 2018 su kuwa Amurkawa sai 2023. Indiya ta sa wa wannan dabarar birki a dokarta, kotun ƙolinta ta hana Novartis irin wannan takardar a kan maganin kansar jini Glivec a 2013, a 2023 ma ofishinsu na rajistar ƙirƙira ya hana a tsawaita ta bedaquiline, maganin tarin fuka mai taurin kai. Kuma akwai inda ko maganar bincike bata taso ba. Insulin tun 1921 aka gano shi a Toronto, waɗanda suka gano shi dala ɗai-ɗai suka sayar wa jami'a da haƙƙinsu don kowa ya samu, yau bayan shekara ɗari kamfanoni uku ne, Eli Lilly da Novo Nordisk da Sanofi, ke riƙe da sama da kashi 90 na kasuwarsa, masu ciwon suga kuma har yanzu akwai masu rage allura don kwalba ta kai ƙarshen wata. Ko Daraprim, maganin da ya haura shekara 60, a 2015 Martin Shkreli ya saye shi ya tashe shi daga dala 13.50 zuwa 750 ƙwaya ɗaya a dare guda. Wane bincike aka yi a wannan daren?

Malam Edita abinda ya sa magani ya fita daban da sauran kaya shine mai sayensa ba shi da bakin ciniki sam. Ba shi ya zaɓa ba, likita ne ya rubuta masa. Bai san ko akwai wani mai sauƙi da zai yi aikin ba. Kuma babban makamin mai ciniki shine ya ce albarka ya juya ya tafi, toh wanda ɗansa ke kwance yana numfashi sama-sama ina zai juya ya tafi? Ko nawa aka ce zai nemo, ya ci bashi ya sayar da abinda ya mallaka. Saboda haka in aka bar mara lafiya shi kaɗai gaban kanta an riga an gama da shi, dole wani mai ƙarfi ya yi cinikin tun kafin ya kwanta, kuma wannan mai ƙarfin shine wanda ke biya wa jama'a, gwamnati ko hukumar inshorar lafiya.

Ƙasashen da suka gane haka hukuma suka kafa takanas. Ingila tana da NICE tun 1999, aikinta ta duba sabon magani ta ce nawa zai ƙara wa mutum na lafiyayyar rayuwa kuma a kan nawa, shekara da shekaru ma'auninsu ya kasance tsakanin fam 20,000 zuwa 30,000 a kan kowace shekara guda ta lafiya da maganin zai ƙara, in ya zarce sai kamfani ya sauko ko a bar masa kayansa. Jamus tun 2011 sabon magani sai ya nuna ya fi wanda ake da shi amfani kafin a yarda ya fi shi kuɗi. Niuzilan ta kafa Pharmac a 1993, ƙaramar ƙasa ce amma kasafin magani ɗaya gare ta kuma kamfanoni take sawa su yi takara a kan wa zai ba ta da sauƙi. Amurka ce ta bi ta baya, dokar 2003 ƙarara ta hana Medicare, wato inshorar tsofaffinsu, yin ciniki da kamfanoni, ka ji fa, babban mai saye a hana shi tayi. Sai a 2022 suka gyara, aka fara da magunguna 10 waɗanda sabon farashinsu ya kama daga 2026, aka kuma ƙayyade wa tsofaffin insulin dala 35 a wata. Ƙasar da ta fi kowa kuɗi ma da ta ga uwar bari ciniki ta koma.

Amma fa in faɗi gaskiya wannan hanyar tana da ɗaci, don ƙarfin mai ciniki yana wajen iya cewa a'a, kuma in hukuma ta ce a'a akwai mara lafiyan da ke zaune yana jira. A Ingila an ja da kamfanin Vertex a kan Orkambi, maganin wata cutar huhu da ake gado, tun 2016 har Oktoban 2019 kafin a daidaita, iyaye suna ta zanga-zanga yara suna jira. Ba zan ce wa waɗannan iyayen su yi haƙuri ba, ba ni da wannan bakin. Sai dai hukumar da ba ta taɓa cewa a'a, duk abinda aka yanka mata sai ta biya, kuɗin da za ta sayi maganin hawan jini na mutum dubu ya tafi a kan mutum goma, su dubun kuwa ba wanda zai ji kukansu don basu da ƙungiya basu da kyamara. Abinda nake so dai in za a ce a'a a faɗi dalili a fili, a faɗi ma'aunin da aka bi, kada ya zama wanda ya san wani shi ake sa wa maganinsa a jeri.

Maganar jeri kuma ita ce inda aka fi yaudarar mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin muhimman magunguna karon farko a 1977, wajen guda 200, duk bayan shekara biyu ana sabuntawa yanzu sun haura 500, ƙasashe sama da 150 kowacce ta yi nata. A takarda ba laifi. Amma sa magani a jeri daban, biyan kuɗinsa daban. Sau nawa mutum yana da katin inshora, likita ya duba shi kyauta ko da ɗan abu kaɗan, ya je taga karɓar magani a ce babu, je ka saya a waje? Wannan babun ba haka kawai take zuwa ba. Wani lokaci hukumar ce ta riƙe wa asibiti ko mai kemis kuɗinsa wata da watanni, shi kuma dila ba ya jira, sai ya daina ajiye kayan masu kati ya ajiye na masu kuɗi a hannu. Wani lokaci farashin da hukumar ke mayarwa tun na shekarun baya ne ba a taɓa shi ba alhali kuɗin ƙasa ya karye kaya sun tashi, duk kwalin da ya bayar faɗuwa ce, toh waye zai yi ta faɗuwa don Allah? A ƙarshe mai katin ya biya sau biyu, an cire masa na inshora sannan ya saya da aljihunsa, a rahoto kuma a rubuta shi cikin waɗanda inshora ta rufe.

Akwai kuma yadda ake raba kuɗin tsakanin hukuma da mara lafiya, wanda mutane basa lura da shi. In aka ce ka biya kashi 10 ko 20 cikin ɗari, a kan maganin ciwon kai ba komai ba ne, amma a kan maganin kansa kashi 10 ɗin ma gida ne guda. Wato tsarin yana sauƙaƙa wa mai ƙaramin ciwo ya danne mai babba, alhali don mai babban aka yi inshorar tun farko. Gara a yanke abu ƙayyadadde ɗan kaɗan a kan kowace takardar likita, a yafe wa yara da tsofaffi da marasa hali, sannan a sa iyaka a shekara in mutum ya kai ta ya daina biya. Tailan a 2002 da haka ta fara, baht 30 na kuɗinsu mutum zai biya duk zuwa asibiti, kuma ba ƙasar masu kuɗi ba ce a lokacin. Sannan inshora da yawa sun fi son biyan kwanciya da tiyata su bar maganin da ake sha a gida kullum, na hawan jini da suga da asma da farfaɗiya, wannan kuma lissafin banza ne, ka ƙi biyan ƙwayar da ba ta kai komai ba, mutum ya dinga tsallake kwana ko ya raba ta biyu, bayan shekara uku ka biya kuɗin shanyewar ɓarin jiki ko wankin ƙoda.

Nasan wasu za su ce ai abin mai sauƙi ne gwamnati ta buga doka ta ce daga yau kada a sayar sama da kaza. Ina ma haka ne. In ka matse farashi ya yi ƙasa da abinda aka kashe wajen yi, maganin ɓacewa yake yi daga kanta ya ɓullo ta bayan fage da ninki. In kuma ka ba kamfani ɗaya kwangilar ƙasa gaba ɗaya don shi ya fi araha, sauran su rufe, ranar da masana'antarsa ta samu matsala kowa ya shiga uku, haka Amurka ta shiga ƙarancin cisplatin a 2023, tsohon maganin kansa mai araha, saboda masana'anta guda a Indiya ta tsaya. Maganin dafin maciji na Fav-Afrique ma haka, Sanofi ya daina yi a 2014 ya ce masu araha sun kore shi daga kasuwa, na ƙarshen ya lalace a 2016, kuma cikin masu arahar da suka maye gurbin akwai waɗanda ba don macizan Afirka aka yi su ba. Don haka ƙayyade farashi aiki ne na masu lissafi da ake sabuntawa, ba sanarwar rediyo ba. Indiya tana da hukuma tun 1997 da wannan ne aikinta kawai, ga shagunan gwamnati na Jan Aushadhi da aka fara a 2008 masu sayar da magani marar sunan kamfani da sauƙi, yanzu sun haura 10,000. Afirka ta Kudu tun 2004 ta ce kamfani farashi ɗaya zai sayar wa kowa a kasuwar masu zaman kansu kuma a bayyana shi, mai kemis kuma a yanke masa ladansa daban.

Wannan na ladan mai kemis yana da muhimmanci don ba duk tsadar ce daga masana'anta take ba. Kafin kwali ya zo hannunka ya bi ta kwastam, ya bi ta mai shigowa da shi, babban dila, ƙaramin dila, kowa ya ɗora nasa a kan na wanda ya gabace shi, wata gwamnatin ma harajin kaya take karɓa a kan magani, da hannun dama tana kukan tsada da na hagu tana karɓa. Kuma in ribar mai kanti kaso ce cikin ɗari to a fili yake mai tsadar zai miƙo maka, ba mugunta ba ce lissafi ne. A mayar da ita lada ƙayyadadde ko kason ya dinga raguwa in farashi ya hau, sai ka ga ya daina ɓoye mai sauƙin a ƙasan kanta.

Sai batun janarik, wato maganin da wani kamfani ke yi bayan wa'adin mai shi ya ƙare, sinadari ɗaya ƙarfi ɗaya suna ne kawai daban. Nan ne mafi yawan sauƙin yake, amma mutane da yawa suna gudunsa suna cewa a ba su orijinal, kuma ni bana ganin wautarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce a 2017 kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa ko jabu ne ko bai kai inganci ba, kuma duniya ta ga yadda maganin tari na ruwa ya kashe yara wajen 70 a Gambiya a 2022. Wanda ya ji wannan in ya ƙi mai araha ka ga laifinsa? Shi yasa nake cewa hukumar da ke duba ingancin magani ita ma cikin maganar farashi take, in tana da ɗakin gwaji da ma'aikata da haƙori, ta kama ta hukunta a gani, mutane za su yarda da mai sauƙin da kansu ba sai an yi musu wa'azi ba. Likitoci ma da nasu, a dinga rubuta sunan sinadari ba sunan kamfani ba, a kuma ba mai harhaɗa magani dama ya canza zuwa mai sauƙi in iri ɗaya ne, don kowa ya san yadda wakilan kamfanoni ke zarya ofisoshin likitoci kuma ba gaisuwa kawai ke kai su ba.

Abinda ya fi ba ni haushi a duk harkar shine sirri. Kamfani zai rubuta farashi a fili, sannan ya ja kowace ƙasa gefe ya yi mata ragi ya sa ta sa hannu cewa ba za ta faɗa wa kowa ba, kowacce ta tafi tana murna ita aka fi yi wa sauƙi. Ƙasashe da yawa kuma dabararsu ita ce su leƙa nawa maƙwabta ke saye su daidaita nasu, toh farashin da suke leƙawa ɗin na ado ne ba wanda ke biyansa. A lokacin korona aka ga misali ƙarara, Afirka ta Kudu dala 5.25 ta sayi allurar AstraZeneca yayin da Tarayyar Turai ke biyan wajen dala 2.15, wanda ya fi talauci shi ya fi biya. A 2019 babban taron lafiya na duniya ya zartar da ƙudurin a dinga bayyana ainihin farashi, amma sai da aka zare masa haƙora kafin ya wuce kuma ba tilas a cikinsa. Maganin wannan ƙananan masu saye su haɗa kai su yi sari tare. Ƙasashen nahiyar Amurka suna sayen rigakafi a asusu ɗaya tun ƙarshen shekarun 1970, ƙananan tsibiran gabashin Karibiyan suna sayen magani tare tun 1986, har Beljiyam da Holan masu kuɗi sun haɗe a 2015 don su kaɗai kamfanoni raina su suke yi. Sharaɗin dai ɗaya ne a biya a kan lokaci, mai sarin da ba ya biya ba a yi masa ragi.

In kuma ciniki ya ƙi, doka ta ba ƙasa dama ta ba wani kamfani lasisin dole ya yi maganin a biya mai shi ɗan kaso. Indiya ta yi a 2012 a kan Nexavar na Bayer, maganin kansar hanta da ƙoda, daga rufi, kuɗin Indiya, kusan 280,000 a wata ya dawo 8,800. Burazil ta yi a 2007, Tailan ma ta yi a tsakanin 2006 da 2007 kuma ta sha matsin lamba, wani kamfani har janye sababbin magungunansa ya yi daga rajista a ƙasar. Ba abu ne na kullum ba, amma kamfani in ya san kana iya yi maganarsa ma canzawa take yi. Akwai kuma ta lalama, tun 2010 akwai ƙungiyar Medicines Patent Pool da ke karɓo izini daga masu haƙƙi ta rarraba wa masu yin janarik. Ko lenacapavir, allurar kariya daga ƙanjamau da ake yi sau biyu a shekara, a Amurka ta haura dala 28,000 amma a 2025 an sanar da yarjejeniyar da za ta kawo ta dala 40 a shekara a ƙasashe 120 daga 2027, saura ƙasashen da aka bari a tsakiya, basu kai talaucin a tausaya musu ba basu kai arzikin su biya ba.

Kada kuma hankalinmu ya tafi kan sababbi masu ban mamaki mu manta na ƙasa. A ƙarshen 2023 aka amince da Casgevy, maganin sikila da ke gyara ƙwayar halitta, dala miliyan 2.2 mutum ɗaya, alhali mafi yawan yaran da ake haifa da sikila a Afirka kudu da Sahara suke. Kowa ya yi ta magana a kai. Amma hydroxyurea fa, tsohon magani ne, yana cikin jerin Hukumar Lafiya ta Duniya, ba mai riƙe da haƙƙinsa, yana rage tashin ciwon da yawan ƙarin jini, kuma har yau yara da yawa basa samu. Wannan ba za a ɗora wa wani kamfani a Turai ba, babu takardar mallakar da ta tare hanya, ba a sa shi a kasafi ba ne, ba a yi odarsa da yawa ba, ba a biya gwajin jinin da ke tafiya da shi ba.

Roƙona gare ku 'yan jarida, in kun samu minista ko shugaban hukumar inshora kada ku tsaya a mutum nawa aka yi wa rajista, wannan adadin kullum a bakinsu yake. Ku tambaye shi yaushe rabon da a sabunta jerin magungunan da ake biya da farashinsu, su waye ke zama su yanke kuma ina dalilansu a rubuce. Ku tambaye shi wata nawa asibitoci da masu kemis ke bin hukumarsa bashi. Ku nemi ya nuna nawa gwamnati ta sayi kwalbar insulin a kwangilar bara kuma a hannun wa, ku kwatanta da abinda wata ƙasa ta biya. Sannan ku ɗauki magunguna goma daga jerin nasu ku aiki wakilanku asibitoci da katin inshora a hannu su gani guda nawa za a basu a taga, ku buga mana sakamakon ko a shafin ciki ne.

Na gode da fili, a gaida ma'aikata. Wassalam.

Naku,
Wani mai bibiyar jaridarku